Fashin Baƙi: Rahoton Ginin Manhaja a Zauren Hira, Taimako Ne Ko Ƙarin Surutu?

Shin haɗa na'urar gina manhaja da zauren hirar ma'aikata, ta yadda za ta riƙa shigowa da kanta tana cewa "ya yi" ko "ya faɗi", yana hana kuskure kwana a ɓoye, ko kuwa ƙarin hayaniya ne a wurin da dama ya cika da surutu? Muhawarar ba ta ƙarewa tsakanin masu rubuta manhaja. Akwai masu ganin da zarar an yi haɗin an gama, tunda babu wanda zai ƙara cewa bai ji ba. Akwai kuma waɗanda suka toshe sanarwar zauren tun makon farko, suna cewa abin ba shi da wata fa'ida. Dukansu suna kallon lamarin kamar jona waya ce a soket. Alhali jonawar ita ce mafi sauƙi. Wanda ya san hannunsa zai gama ta cikin minti goma sha biyar. Mai wuyar ita ce yanke shawarar wane labari ne ya isa a katse wa mutum aiki dominsa, kuma wa za a faɗa wa.

Mene ne "gini" a bakin masu manhaja?

Manhajar da ke cikin wayarka ba a haka aka rubuta ta ba. Masu aikin suna rubuta umarni ne a fayiloli masu yawa, cikin yaren da mutum zai iya karantawa, sannan a bi matakai a mayar da su abin da na'ura za ta iya tafiyarwa. A tattaro kayan da aka aro daga wasu manhajojin, a harhaɗa komai, a yi gwaje-gwaje, a ɗaure sakamakon wuri guda. Wannan jerin matakan shi ake kira gini.

Mutum goma ko ɗari suna aiki a kan manhaja ɗaya, kowa yana taɓa nasa ɓangaren yana turawa rumbu guda, wanda yawanci a kan Git yake, tsarin da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Abin da ya yi aiki lafiya lau a kwamfutar wane zai iya rushewa idan ya haɗu da abin da wance ta turo minti biyar da suka wuce. Shi ya sa aka ware wata na'ura da ba ta da aiki sai jira: duk wanda ya turo sauyi, ta ɗauka ta gina daga tushe, ta gwada. Jenkins, GitHub Actions, GitLab CI da CircleCI duk wannan aikin suke yi.

Yadda na'urar ke sanin an yi nasara abu ne mai sauƙi har ya ba da mamaki. Kowane umarni idan ya gama yana barin lamba. Sifili na nufin lafiya, duk wata lamba kuma na nufin an samu matsala. Alamar kore ko ja da ake gani a allo, a kan wannan lambar take zaune. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga imel da fitila zuwa zaure

Tunanin a riƙa haɗa aikin kowa a kai a kai ya yi ƙarfi ne a ƙarshen shekarun 1990, a hannun masana manhaja irin su Kent Beck. A 2001 aka fitar da CruiseControl, ɗaya daga cikin na'urorin farko da suka yi fice a wannan aiki. Sai Kohsuke Kawaguchi, ma'aikacin Sun Microsystems a lokacin, ya ƙirƙiri Hudson, wadda bayan saɓani da Oracle, kamfanin da ya sayi Sun, aka raba gari a 2011, sabon reshen ya ɗauki sunan Jenkins. Wani abin dariya: shekaru da dama alamar nasara a Jenkins shuɗiya ce, ba koriya ba, saboda a Japan, ƙasar Kawaguchi, da kalmar shuɗi ake kiran fitilar hanya mai ba da izinin wucewa. Har ƙarin manhaja aka rubuta wadda ba ta da wani aiki sai mayar da shuɗin kore.

A wancan zamanin imel ne ɗan aike. Gini ya faɗi, wasiƙa ta tafi akwatin kowa, kowa kuma ya koya wa akwatinsa ya riƙa kai ta wani lungu da ba ya leƙawa. Wasu ofisoshin suka koma kafa fitilu a tsakiyar ɗaki, ja da kore, ko babban allo a bango. Dabarar ta yi kama da igiyar da ke masana'antar motoci ta Toyota, wadda kowane ma'aikaci ke da ikon ja idan ya ga aibi, fitila ta kama, shugaban sashe ya zo. Amma fitila sai wanda ke ɗakin take yi wa amfani.

Da hirar aiki ta koma manhajoji irin su Slack, wadda ta fito a 2013, da Discord a 2015, da Microsoft Teams a 2017, sai aka ga ai ga inda idon kowa yake. Kamfanin GitHub tun 2011 ya saki Hubot, wani ɗan aiken kwamfuta da ke zama a zaure yana karɓar umarni yana kawo rahoto. Daga nan al'adar ta bazu. Yawaitar aiki daga gida tun 2020 ta ƙarasa sauran, domin babu bangon da kowa ke kallo kuma.

Yadda saƙon ke tafiya

Hanyar da aka fi bi ana kiran ta webhuk, sunan da Jeff Lindsay ya raɗa a 2007. Manhajar hira tana ba ka wani dogon adireshin intanet na musamman, wanda ke ɗaure da zaure ɗaya. Duk abin da aka aika wa adireshin cikin tsarin rubutu na JSON, zai bayyana a zauren a matsayin saƙo. Shi ke nan. Na'urar gini idan ta gama sai ta rubuta 'yan kalmomi ta aika.

Hanya ta biyu ita ce a yi wa ɗan aiken rajista a matsayin cikakkiyar manhaja mai mabuɗinta. Ta fi wahalar kafawa, amma tana da wata riba da ba a cika lura da ita ba sai zaure ya cika. A Slack, saƙon da aka aika ta webhuk ba ya dawo maka da lambar shaidarsa, don haka da wannan hanyar kaɗai ba za ka iya komawa ka gyara shi ba. Mai mabuɗi kuwa zai iya aika "an fara gini", bayan minti bakwai ya mayar da wannan saƙon "an gama lafiya", ko ya jera bayanan a ƙarƙashinsa. Saƙo ɗaya maimakon uku. Hanya ta uku ita ce a ɗauki haɗin da kamfanonin suka riga suka shirya, kamar manhajar GitHub ta cikin Slack, a zaɓi abin da ake so a ji.

Akwai iyaka kuma. Slack na karɓar kusan saƙo ɗaya a daƙiƙa ta kowane webhuk. Wanda ya matsa sai a mayar masa da lamba 429, ma'ana ya yi yawa, ya dakata. Discord ba ya karɓar rubutun da ya wuce haruffa 2000 a saƙo guda. Wanda ya ce zai kwashe dukan rahoton kuskure ya zuba a zaure, a nan zai fara cin karo.

Inda aka rabu: kowane gini, ko sai an samu sauyi?

Masu son a sanar da kowane gini suna da hujja. Suna cewa ganin kore yana wucewa yana kwantar da hankali, yana nuna na'urar tana raye, kuma sabon ma'aikaci yana koyon yadda aikin ke gudana ta hanyar kallon zauren. Ga mutum uku masu turo sauyi sau biyar a rana, maganarsu daidai ce.

Amma a yi lissafi. Mutum ashirin, kowa ya turo sau huɗu, kowane gini ya aiko da saƙon farawa da na gamawa: saƙo 160 ke nan a yini. Idan biyar ne kawai a ciki suke ɗauke da matsala, an binne su ƙarƙashin 155 da ba sa buƙatar kowa ya motsa. Ido yana koyon tsallake abin da ya saba gani, kuma ba ya tsayawa ya tambaya ko wannan karon daban ne. Ma'aikatan asibiti sun daɗe da sanin wannan ciwo game da na'urorin da ke ƙara a gefen gadon majinyaci: idan ƙarar ta yi yawa, kunne yana daina jin ta.

Akwai misalin da ya kamata duk mai kafa irin wannan tsari ya sani, ko da yake ba rahoton gini ba ne kai tsaye. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya tafka asarar sama da dala miliyan 400 cikin kusan minti 45, saboda an ɗora sabuwar manhaja a kan sabobi bakwai, wato manyan kwamfutocin da ke tafiyar da aikin, an bar ta takwas da tsohuwa. Binciken hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙasar ya nuna cewa kafin a buɗe kasuwa a safiyar, tsarin kamfanin ya aika wa ma'aikata imel 97 masu nuni da matsalar. Ba a tsara saƙonnin a matsayin gargaɗi ba, ba a kuma saba duba su ba. Labari ya iso, ya iske babu mai sauraro.

Ni dai ina tare da ɓangare na biyu, masu cewa a yi magana idan hali ya sauya kawai. Gini yana kore ya koma ja, a faɗa. Yana ja ya dawo kore, a faɗa, domin waɗanda suka dakata su ci gaba. Kore ya bi kore, a yi shiru. Jenkins ta tanadi sharuɗɗa na musamman don wannan, ɗaya na lokacin da aka gyaru, ɗaya na lokacin da aka koma baya. A wasu na'urorin sai ka ɗan yi dabara ka tambayi sakamakon ginin da ya gabata. Sannan ba kowane reshe ne ya shafi kowa ba, reshe kuwa kwafin aikin ne da ake warewa a rumbu don a yi sauyi ba tare da an taɓa na kowa ba. Idan mutum yana gwaji a reshensa ya faɗi, shi kaɗai ya kamata a sanar, a ɓoye. Babban reshen da kowa ke ɗiba daga gare shi, wannan ne na zaure.

Me saƙon zai ƙunsa, kuma a kama suna?

"Gini mai lamba 4812 ya faɗi." Irin wannan saƙon ya cika zauruka, kuma ba ya gaya wa kowa komai. Wanda ya gan shi sai ya buɗe wani shafi, ya shiga, ya nemo ginin, ya gangara cikin dubban layuka kafin ya san ko ma ya shafe shi. Mafi yawa ba za su yi ba, kowa zai ɗauka wani zai duba.

Kwatanta da wannan: babban reshen manhajar biyan kuɗi ya faɗi a matakin gwaji, gwajin lissafin ragi ne bai wuce ba, sauyin ƙarshe shi ne na gyaran kwanan wata, ga mahaɗin da zai kai ka daidai layin kuskuren. Mai karatu a waya, yana tsaye a hanya, ya riga ya san ko nasa ne.

Batun kama suna shi ne mai zafi. Ambaton wanda ya turo sauyin yana sa a yi saurin gyara, wannan ba a musu. Amma idan zauren ya zama dandalin tona asiri, inda shugabanni ke ƙirga sau nawa sunan wane ya fito da ja, mutane za su kare kansu ta hanyar da ta fi cutar da aikin. Za su daina turo ƙananan sauye-sauye a kai a kai, su tara na mako guda su turo lokaci ɗaya, wanda shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiri tsarin don a hana. Kuma sau da yawa wanda sunansa ya fito ba shi ya yi ɓarnar ba. Shi ne dai ya zo wucewa lokacin da katangar ta faɗi. Wataƙila wani kayan aro ne ya sauya a daren, ko faifan na'urar ginin ya cika. Wasu ƙungiyoyin suna magance wannan da naɗa mai tsaron gini na mako-mako, ana juyawa. Shi ake kira da suna, shi zai duba ya nemo wanda ya dace. Abin da ba a so shi ne kiran kowa da kowa a zaure, domin abin da aka ɗora wa kowa babu mai ɗaukarsa.

Kore ba lafiya ba ce, shiru ma haka

A nan ne aka fi yin kuskuren fahimta, kuma a nan za mu koma kan lambar nan ta sifili. Ɗan aiken zaure ba ya duba manhaja. Abin da aka faɗa masa yake maimaitawa. Kore na nufin gwaje-gwajen da aka rubuta sun wuce, ba ya cewa komai game da waɗanda ba a rubuta ba. Har ma akwai inda kore ƙarya ce tsagwaronta: idan aka jera umarni biyu, na farko yana zuba sakamakonsa cikin na biyu don a adana rahoto, a tsarin asali na Bash, manhajar da ke tafiyar da umarnin, lambar na ƙarshen ake ɗauka. Gwaji ya faɗi, mai adana rahoto ya gama aikinsa lafiya, ya bar sifili, zaure ya ga kore. Sai an kunna wani zaɓi da gangan kafin faɗuwar na farkon ta fito fili.

Shiru ya fi wannan haɗari, musamman ga masu bin shawarar da na bayar a sama. Ni kaina na taɓa faɗawa ramin. Na sa matakin aika sanarwa a ƙarshen jerin matakai, na gwada da gini mai nasara, saƙo ya shigo, na tafi ina jin daɗi. Abin da ban lura ba shi ne, a yawancin waɗannan na'urori, da zarar mataki ɗaya ya faɗi ana tsallake duk na bayansa, har da mai kai rahoton. Wato na ɗauki mai gadin da ba ya ihu sai ranar da babu ɓarawo. Kwana biyu babban reshe yana ja, zaure tsit, sai da wata abokiyar aiki ta tambaya me ya sa gyaranta bai fita ba. Maganin layi ɗaya ne, a gaya wa matakin ya gudana ko da an faɗi. Amma wanda bai karya gini da gangan ya ga ko saƙon zai zo ba, bai gwada komai ba tukuna.

Akwai sauran hanyoyin da shiru ke shigowa. Na'urar ginin kanta ta mutu, matacce kuwa ba ya kai rahoton mutuwarsa. Manhajar hirar ta tsaya, kamar yadda Slack ta yi na sa'o'i ranar 4 ga Janairu 2021, ranar da jama'a da dama suka dawo aiki daga hutu. Ko kamfani ya sauya tsari: a 2024 Microsoft ta sanar da cewa za ta yi ritayar tsofaffin mahaɗan Office 365 a cikin Teams, ta ce a koma wani tsarinta mai suna Workflows, kuma duk wanda bai bi sanarwar ba yana iya wayar gari ɗan aikensa ya yi gum. Saboda haka ake ƙara saƙo guda a yini, a ƙayyadadden lokaci, mai cewa an yi gini kaza, kaza sun faɗi. Ranar da bai zo ba, rashin zuwan shi ne labarin.

Sai gwajin da ba shi da alƙibla, yau ya wuce gobe ya faɗi ba tare da an taɓa komai ba. Guda ɗaya irin wannan ya isa ya kashe darajar ja a zaure, domin kowa zai koyi cewa "a sake kunnawa kawai". A gyara shi ko a ware shi gefe.

Mabuɗin da ake bari a jikin ƙofa

Adireshin webhuk ba adireshi ba ne kawai, mabuɗi ne. Duk wanda ya same shi zai iya rubutu a zauren da sunan ɗan aiken da kowa ya yarda da shi, har ya sa mahaɗin bogi a ƙarƙashin "gini ya faɗi, danna nan". Amma saboda ya yi kama da adireshin shafi, mutane suna manna shi cikin fayilolin da suke turawa rumbu, wani lokacin rumbun da duniya ke gani. Slack da kanta tana neman irin waɗannan da suka fita fili tana soke su. Wurin ajiyarsa shi ne ma'ajiyar sirri da kowace na'urar gini ta tanada. Goge shi daga fayil bayan an riga an tura ba ya wadatarwa, tunda Git ba ya mantuwa. Sai an soke shi an karɓi sabo.

Ita ma ma'ajiyar ba a rantse a kanta ba. A 2021 aka gano an yi wa wani rubutun Codecov, kamfanin auna gwaje-gwajen manhaja, kutse yana kwashe sirrin da ke cikin na'urorin ginin abokan hulɗarsa, a Janairun 2023 kuma CircleCI ta nemi dukan masu amfani da ita su sauya mabuɗansu bayan wani kutse. Darasin da ya shafi batunmu shi ne a ba ɗan aiken iko daidai aikinsa, rubutu a zaure ɗaya, ba karanta hirar kamfani gaba ɗaya ba. A kuma kula da abin da yake kwasowa: rahoton kuskure kan ɗauko kalmar sirri ko bayanan kwastoma, zauren hira kuwa ya fi na'urar gini yawan masu shiga, har da baƙin da aka gayyato na ɗan lokaci.

Ina ruwan wanda ba ya rubuta manhaja?

Manhajar bankinka, ta kiran mota, ta asibiti, kusan duk ta irin wannan bututun suke bi kafin su iso wayarka. Kuskuren da aka kama minti goma bayan an rubuta shi, mai shi yana tune da abin da ya taɓa, gyaran ba ya wuce ɗan lokaci. Wanda ya kwana uku kuwa, an riga an ɗora wasu ayyukan a kansa, sai an yi tono. Sannan gini ja yana tare hanya: gyaran da kake jira na matsalar da ka kai ƙara a kanta ba zai fita ba sai an share abin da ke gabansa.

Su kuma ma'aikatan, zauren yana cikin aljihunsu, yana bin su gida. Ginin dare da ya faɗi ƙarfe biyu ba ya buƙatar tada kowa, zai jira safiya. Abin da ya rushe a hannun masu amfani shi ne na tada mai barci, kuma wannan ba aikin zauren hira ba ne. Akwai manhajojin kiran mai jiran aiki irin su PagerDuty, waɗanda ke buga waya har sai an amsa, idan ba a amsa ba su wuce ga na gaba. Ƙungiyoyin da suka cakuɗa biyun a zaure guda sukan ƙare da ma'aikatan da suka kashe sanarwar gaba ɗaya don su samu barci, ta ginin da ta gobarar duka.